Mayotte: Me ya sa tsibirin Musulmi a gaɓar Afirka ya ƙi rabuwa da Faransa?

A shekarun da Mali da Burkina Faso da Nijar suka sallami sojojin Faransa, Chadi da Senegal kuma suka biyo baya, akwai wani ɗan tsibiri a tekun Indiya da mutanensa ke tare hanya suna neman a ƙaro musu jandarmomin Faransa. Baƙaƙen fata ne, Musulmi ne, harshensu ɗan'uwan Swahili ne, kiran sallar asuba ke tashinsu kamar yadda yake tashinmu. Sunan tsibirin Mayotte, mazaunansa kuma suna ce masa Maore.

Da yawa cikinmu ba mu taɓa jin sunan ba sai ranar 14 ga Disamba 2024, da guguwar Chido ta yi kaca-kaca da shi, kafafen labarai suka riƙa cewa bala'i ya auka wa "wani yanki na Faransa". Nan tambayoyi suka taso. Ta yaya wurin da ke da nisan kilomita kusan 8,000 daga Paris ya zama Faransa? Mulkin mallaka ne aka sauya wa riga, ko zaɓin mutanen ne? In kuwa Faransa ce da gaske, me ya sa mutane ke kwana a ɗakunan kwano babu ruwan famfo?

Amsar da aka fi yaɗawa ita ce Faransa ta ƙwace tsibirin daga ƙasar Komoros. Akwai gaskiya a wannan magana, amma ba ta bayyana abin da ya sa matan tsibirin suka fito da kansu suka yi gwagwarmayar zama ƙarƙashin Faransa ba, har ɗaya daga cikinsu ta rasa ranta.

Ina ne Mayotte ɗin?

Tsakanin Madagaska da arewacin Mozambik akwai wani zirin teku da ake kira mashigin Mozambik. A bakinsa na arewa tsibirai huɗu ne a jere: Ngazidja, wanda Faransawa ke kira Grande Comore, sai Mwali, sai Anjouan, sai Mayotte daga can gabas. Uku na farko su ne ƙasar Komoros mai hedikwata a Moroni. Na huɗun ne ake rigima a kansa.

Duka faɗin Mayotte murabba'in kilomita 374 ne, wato bai kai birnin Kano da kewayensa ba. Ya kasu gida biyu: babban tsibiri, inda hedikwata Mamoudzou take, da ƙaramin tsibiri, inda filin jirgin sama da tsohuwar hedikwata Dzaoudzi suke. Jirgin fito ne ke jigila tsakaninsu dare da rana, shi ne motar hayar kowa. Ƙasar tuddai ce da aman wutar dutse ya haifar, dutsen da ya fi tsawo shi ne Benara, mita 660. Wata doguwar katangar murjani ta kewaye tsibirin ta tare igiyar teku, ta samar da wani makeken tafkin ruwan gishiri da ya haura murabba'in kilomita 1,000, ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya. Kunkurun teku na zuwa yin ƙwai a gaɓarsa, manyan kifayen whale kuma na zuwa haihuwa.

Ƙasar ma ba ta zauna lafiya ba. A watan Mayu 2018 aka fara jerin girgizar ƙasa, daga baya masana suka gano wani sabon dutse mai aman wuta ya tsiro a ƙarƙashin teku, kimanin kilomita 50 gabas da tsibirin. An sa masa suna Fani Maore. Sanadinsa tsibirin ya ɗan nutse da wasu santimitoci, abin da ya sa ruwan teku ke ƙara shiga gidajen bakin gaɓa.

Amma lambar da ya kamata mai karatu ya riƙe ita ce 70. Tsakanin Anjouan da Mayotte kilomita 70 ne kacal, bai kai Kaduna zuwa Zariya ba. Duk labarin nan a kan wannan tazara yake juyawa.

Su wane ne mutanen?

Ƙidayar 2017 ta ba da mutum 256,518, hukumar ƙididdiga ta Faransa kuma ta ƙiyasta sun kai 321,000 a farkon 2024. 'Yan siyasar tsibirin sun daɗe suna cewa adadin ya fi haka nesa ba kusa ba, saboda waɗanda ba su da takarda ba sa tsayawa a ƙirga su. Kusan rabin mazauna ba 'yan ƙasar Faransa ba ne, kuma kusan dukkan baƙin daga Komoros suke. Rabin jama'ar ba su kai shekara 18 ba. A 2022 da 2023 an haifi jarirai fiye da 10,000 a kowace shekara, shi ya sa ake yi wa asibitin Mamoudzou laƙabi da ɗakin haihuwa mafi girma a Faransa.

Harsuna biyu ake yi a gida: Shimaore, wanda ke kusa sosai da harshen Anjouan, da Kibushi, wanda asalinsa daga Madagaska ne. Faransanci na ofis ne da makaranta. Kimanin kashi 95 cikin 100 Musulmi ne, Ahlus Sunna mabiya mazhabar Shafi'i. A garin Tsingoni akwai masallacin da rubutun mihirabinsa ke nuna shekarar 1538, kuma shi ne masallaci mafi tsufa da har yanzu ake salla a cikinsa a duk ƙasar da ke ƙarƙashin tutar Faransa. Yaro yakan fara da makarantar allo da sassafe kafin ya wuce boko.

Akwai wata al'ada da za ta ba Bahaushe mamaki, kuma in ba a san ta ba, ba za a gane siyasar wurin ba. A Mayotte gida na mace ne. Iyaye ke gina wa 'yarsu ɗaki, ango ne ke tarewa a gidan amarya, in aure ya mutu shi ne zai kwashi kayansa. Don haka mace ce ke riƙe da unguwa, ita ke da bakin magana a kan ƙasa da gado da makomar 'ya'ya.

Yadda aka raba gari

A shekarar 1841 sarkin Mayotte na lokacin, Andriantsoly, wanda shi kansa ɗan sarauta ne daga Madagaska, ya ga maƙwabta sun sa shi a tsakiya, sai ya miƙa tsibirin ga Faransa a kan kuɗin da za a riƙa biyansa duk shekara. Faransawa suka karɓi wurin a hukumance a 1843. Sauran tsibiran uku ba su shiga hannun Faransa ba sai 1886. Mutanen Mayotte suna yawan tuna wa Faransawa cewa sun riga birnin Nice zama Faransa, domin Nice sai 1860 ta shigo.

Turawa suka haɗa tsibiran huɗu suka riƙa mulkinsu daga Dzaoudzi. A 1912 aka liƙa su da Madagaska, a 1946 aka ware su suka zama yanki guda mai cin gashin kansa. Duk tsawon wannan lokaci Mayotte ce cibiya, ko da yake ba ita ta fi yawan jama'a ba.

A 1958 majalisar yankin, wadda wakilan Ngazidja da Anjouan suka fi rinjaye a cikinta, ta yanke shawarar mayar da hedikwata Moroni. Da aka aiwatar a shekarun 1960, ma'aikatan gwamnati suka kwashe, albashi ya tafi, kasuwa ta mutu, mata da yawa suka wayi gari mazajensu sun bi aiki zuwa wani tsibiri. Ga kuma tsohon ƙorafi cewa attajiran Anjouan na saye filayen Mayotte. Daga nan ne zuciyar mutanen ta juya. Sun ga cewa in aka ba da 'yanci a dunƙule, su ne za su zama 'yan tsiraru a hannun maƙwabtan da tun zamanin sarakuna ba a jituwa da su.

Matan ne suka tashi, ƙarƙashin jagorancin wata malamar allo mai suna Zena M'Dere. Sun san dukan jami'in gwamnati laifi ne da ke kai mutum kurkuku, amma babu dokar da ta hana cakulkuli. Duk jami'in da ya zo daga Moroni sai su yi masa zobe su yi ta yi masa cakulkuli har ya faɗi ƙasa numfashi na neman ɗaukewa, ya koma jirgi cikin kunya. Tarihi ya san su da sunan "masu cakulkuli". Abin kamar wasa, amma ba wasa ba ne: a watan Oktoba 1969 aka kashe ɗaya daga cikinsu, Zakia Madi, a wata arangama da jami'an tsaron yankin a Mamoudzou. A ɓangaren maza kuma akwai Marcel Henry da Younoussa Bamana, jagororin jam'iyyar da ke neman a zauna da Faransa. Takensu shi ne suna son zama Faransawa don su samu 'yanci, kuma 'yancin da suke nufi daga Moroni ne.

Ranar 22 ga Disamba 1974 aka yi ƙuri'ar raba-gardama a tsibiran huɗu. In aka haɗa duka, kusan kashi 95 cikin 100 sun zaɓi 'yanci. A Mayotte kaɗai kuwa, kimanin kashi 63 sun ce ba sa so. Majalisar dokokin Faransa ta ce to sai an bi ra'ayin kowane tsibiri daban. Shugaban gwamnatin yankin, Ahmed Abdallah, bai jira ba, ya ayyana 'yancin Komoros ranar 6 ga Yuli 1975. Faransa ta amince da ficewar uku, ta riƙe ɗaya. A watan Fabrairu 1976 ta sake shirya ƙuri'a a Mayotte, kashi 99.4 suka ce suna nan.

Hujjar kowane ɓangare

Komoros na da hujja mai ƙarfi. Ƙa'idar da aka bi wajen ba da 'yanci a Afirka ita ce kowace ƙasa ta fita da iyakokin da Turawa suka bari, kuma a kan haka shugabannin Afirka suka yi matsaya a Alƙahira a 1964, don kada kowane yanki ya ɓalle. An mulki tsibiran huɗu a matsayin yanki guda, ya kamata su fita a matsayin ƙasa guda. Shugaban Faransa na lokacin, Valéry Giscard d'Estaing, shi kansa ya faɗa a 1974 cewa tsibiran dunƙule suke kuma bai dace a raba su ba. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi Komoros a watan Nuwamba 1975, da tsibirai huɗu ta karɓe ta. A Fabrairu 1976 Faransa ta hau kujerar na-ƙi ita kaɗai a Kwamitin Sulhu don ta daƙile ƙuduri a kan batun, Babban Zauren Majalisar kuma ya shafe kusan shekara 20 yana maimaita cewa Mayotte ta Komoros ce. Ƙungiyar Tarayyar Afirka na kan wannan matsayi. Har gobe tutar Komoros taurari huɗu gare ta.

Faransa da mutanen Mayotte kuma suna cewa ba a tilasta wa jama'a shiga ƙasar da suka ce ba sa so. Kundin tsarin mulkin Faransa, a sashe na 53, ya hana miƙa wani yanki ba tare da yardar mazaunansa ba. Sun ƙara da cewa kafin zuwan Turawa kowane tsibiri da sarakunansa, ba a taɓa yin ƙasa guda mai suna Komoros ba.

Mu ma muna da misali a kusa. A ƙuri'ar Fabrairu 1961, an ƙirga arewacin Kamaru ta Ingila daban da kudancinta. Arewa ta zaɓi Najeriya ta zama lardin Sardauna, shi ya sa Mubi ke Najeriya a yau, kudu kuma ta zaɓi Kamaru. Bambancin shi ne a can Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta tsara ƙirga daban-daban tun kafin a kaɗa ƙuri'a. A Mayotte kuwa mai mulkin mallakar ne ya tsaya a kan haka, kuma shi ne ya ci ribar sakamakon. Wannan ne ya sa, a ganina, Faransa ba ta da gaskiya a yadda ta yi rabon.

Sai dai abin da ya biyo baya ya ƙara wa mutanen Mayotte taurin kai. Wata guda bayan 'yanci aka hamɓarar da Ahmed Abdallah. Sojan haya Bafaranshe Bob Denard ya yi ta ɗora shugabanni yana sauke su, an kashe Abdallah ɗin a 1989, kuma ana lissafa juyin mulki da yunƙurinsa fiye da 20 a ƙasar. A 1997 Anjouan ta ɓalle har ta roƙi Faransa ta sake karɓarta, Faransa ta ƙi. Mutumin Mayotte yana kallon duk wannan daga tsallaken ruwa. Ana iya cewa da hannun Faransa a wancan hargitsi, kuma masu faɗin haka ba su yi ƙarya ba, amma wannan ba zai sa uwa a Mamoudzou ta yarda ta sauya asibitin da take da shi da wanda babu ba.

Mene ne "gunduma ta 101"?

Shekara da shekaru mutanen Mayotte na neman a mai da su cikakkiyar gunduma, abin da Faransawa ke kira département, don kada wata gwamnati a Paris ta wayi gari ta miƙa su. Paris ta yi ta jan ƙafa. Sai ranar 29 ga Maris 2009 aka yi ƙuri'a, kashi 95 suka amince, ranar 31 ga Maris 2011 Mayotte ta zama gunduma ta 101. A 2014 ta shiga cikin yankunan Tarayyar Turai na nesa. Kuɗinsu Yuro ne.

A aikace, Paris ke naɗa kantoma, wanda 'yan Nijar suka sani da préfet, shi ke riƙe da tsaro da shige da fice. Akwai zaɓaɓɓiyar majalisar tsibirin da ƙananan hukumomi 17. Suna tura 'yan majalisar wakilai biyu da sanatoci biyu Paris, suna kuma zaɓen shugaban Faransa.

Sun biya farashi, kuma mai karatu Musulmi zai so ya san shi. Kafin nan alƙalan Musulunci ne ke ɗaura aure, su raba gado, su yanke hukunci a kan saki da rikicin fili. A 2010 aka karɓe musu ikon shari'a, suka koma masu sulhu da ba da shawara. An hana ƙara aure a hukumance, an hana sakin da miji ke yi shi kaɗai ba tare da kotu ba, an sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure. Ba a daina auren masallaci ba, amma doka ba ta san da shi ba, wato matar da aka aura ta wannan hanya ba ta da madafa in miji ya rasu ko ya gudu. An kuma tilasta wa kowa ya ɗauki sunan iyali irin na Turawa, aka fara rajistar filaye da karɓar haraji a kan gonakin da mutane suka gada kaka da kakanni ba tare da takarda ba.

Abin da aka yi musu alƙawari a madadin haka shi ne daidaito da sauran Faransawa, kuma shi ne bai zo ba. Mafi ƙarancin albashi a Mayotte bai kai na sauran Faransa ba. Tallafin da ake ba marasa aikin yi kusan rabin na can ne. Azuzuwa ba su isa ba, har wasu makarantun firamare ke raba yara, wasu da safe wasu da rana.

Matalauci a gidan masu kuɗi, attajiri a unguwar matalauta

Tattalin arzikin Mayotte a kan albashin gwamnati yake tsaye: malamai, ma'aikatan asibiti, 'yan sanda, ma'aikatan ƙananan hukumomi. Kuɗi na zuwa daga Paris, ya shiga kantuna, ya koma waje wajen sayo shinkafa da kaji da siminti da mai, waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Longoni. Abin da tsibirin ke fitarwa bai taka kara ya karya ba. A da an san shi da furen ylang-ylang da ake turare da shi, da kuma vanilla, amma noman ya durƙushe domin ba zai iya gasa da Komoros da Madagaska ba, inda ladan ma'aikaci ke da araha. Manoma na shuka ayaba da rogo don ci. Yawon buɗe ido, duk da kyawun tafkin, bai kankama ba saboda tsadar tikiti da rashin tsaro.

Alƙaluman hukuma sun nuna kashi 77 cikin 100 na rayuwa ƙasa da mizanin talaucin Faransa. Kusan gida huɗu cikin goma na kwano ne, kusan uku cikin goma babu ruwa a cikinsu. Kusan mutum ɗaya cikin uku masu neman aiki ba shi da shi. Kaya kuma da tsada: a 2011 an shafe fiye da wata guda ana bore a kan tsadar rayuwa, boren da aka sa wa sunan fukafukan kaza, mabawa a harshensu, don su ne naman talaka. A 2023 fari ya ƙafar da madatsun ruwa biyu na Combani da Dzoumogne, aka kai ga ana ba da ruwan famfo kwana ɗaya cikin uku. A 2024 kwalara ta ɓulla.

Ga inda abin ya ɗaure. Abin da mutum guda ke samu a Mayotte, a matsakaici, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na na Faransa. Amma ya ninka na Komoros sau da yawa. Wurin da Bafaranshen Paris ke gani a matsayin ƙarshen talauci, mutumin Anjouan na ganinsa a matsayin wurin da ke da likita da makaranta kyauta da aikin gini da ake biya da Yuro.

Kwasa-kwasa

Har zuwa 1995 mutane na kai da komo tsakanin tsibiran ba tare da wani shamaki ba. Ana auratayya, ana zuwa biki da ta'aziyya, da wuya ka sami dangi a Mayotte da ba su da jini a Anjouan. A watan Janairu 1995 gwamnatin Firaminista Édouard Balladur ta sa wa 'yan Komoros biza, mai wuyar samu. Tafiyar ba ta tsaya ba, sai dai ta koma ta dare, a cikin ƙananan kwale-kwalen kamun kifi masu inji da ake kira kwasa-kwasa. Akan loda mutane fiye da kima, da mata masu ciki da marasa lafiya, matuƙi ya kashe fitila don guje wa jiragen sintiri. Wani rahoton majalisar dattawan Faransa na 2012 ya ƙiyasta mutum 7,000 zuwa 10,000 sun mutu a wannan tsallake tun 1995. Muna yawan maganar Bahar Rum da Hamadar Sahara, wannan maƙabartar kuwa ba mai ambatonta.

Faransa na mayar da mutum fiye da 20,000 a yawancin shekaru, da yawansu kuma su sake dawowa. Iyaye kan ɓoye cewa suna da 'ya'ya in an kama su, don yaran su ci gaba da karatu, sai a bar dubban yara babu mai kula da su. Wasu cikinsu su ne ke girma su zama gungun matasa masu adduna da ke tare hanya, su jefi motocin 'yan makaranta, su fasa gidaje. Tsoron da mutanen Mayotte ke ciki na gaske ne, kuma duk wanda ya yi watsi da shi bai yi musu adalci ba. Shi ne ya kawo yajin aikin gama-gari na 2018 da toshe hanyoyi na farkon 2024. Shi ne kuma ya sa a zagaye na biyu na zaɓen shugaban Faransa na 2022, Marine Le Pen, wadda jam'iyyarta ta yi suna wajen ƙyamar baƙi da tsangwamar hijabi, ta sami kashi 59 a tsibirin da kusan kowa Musulmi ne.

Akwai wata doka da ba a cika ambata ba, alhali ita ce murfin tukunyar. Baƙon da ya sami takardar izinin zama a Mayotte, takardar a Mayotte kaɗai take aiki, ba zai iya wucewa birnin Marseille ko tsibirin Réunion, waɗanda duk na Faransa ne, da ita ba. Wato Paris ta kare kanta, ta bar ɗan tsibiri ya ɗauki nauyin shi kaɗai. 'Yan siyasar Mayotte na kowane ɓangare sun daɗe suna neman a soke ta.

Maimakon haka, an fi mayar da hankali kan ƙarfi da tsaurara doka. A Afrilu 2023 ministan cikin gida Gérald Darmanin ya ƙaddamar da samamen Wuambushu da jami'an tsaro kusan 1,800, don rusa unguwannin kwano da korar baƙi. Komoros ta ƙi karɓar jiragen da farko, daga baya ta sassauta. Batun zama ɗan ƙasa ma an taɓa shi. Mutane da yawa na zaton duk jaririn da aka haifa a Faransa ya zama Bafaranshe nan take, alhali ba haka dokar take ba: ɗan baƙi sai ya girma a ƙasar ya cika wasu shekaru kafin ya samu. A Mayotte an ƙara sharaɗi a 2018, cewa sai ɗaya daga cikin iyaye na da izinin zama na wata uku kafin haihuwa. A 2025 aka mai da shi iyaye biyu, shekara guda. Sakamakon da na fi jin tsoro shi ne tarin matasan da aka haifa a Mayotte, ba su san ko'ina ba sai nan, su kai shekara 18 ba su da takardar da za su yi aiki ko su ci gaba da karatu.

Abin da Chido ta tona

Guguwar ta zo da iska mai gudun fiye da kilomita 200 a sa'a, irin wadda ba a gani ba cikin shekara 90. Unguwannin kwano irin su Kaweni, da ke kan tudu a gefen Mamoudzou, sun share kamar ba a taɓa yin su ba. Asibiti ya lalace, wuta da ruwa da waya suka ɗauke. An buɗe makarantu don fakewa, amma da yawa cikin marasa takarda ba su je ba, suna tsoron tarko ne na kama su.

Hukuma ta tsaya a kan mamata kusan 40, bayan kantoman da kansa ya faɗa da farko cewa za su iya kai ɗaruruwa ko fiye. Mazauna da yawa ba su yarda da adadin ba. Musulmi ba sa ajiye gawa, wanda kuma ba a rubuta shi yana raye ba, da wuya a rubuta mutuwarsa.

Da Shugaba Emmanuel Macron ya je bayan kwana biyar, jama'a suka yi masa ihu suna neman ruwa. Ya fusata ya ce musu da ba don nan Faransa ba ce, da halin da suke ciki ya fi haka muni sau dubu goma. Maganar ta yi wa mutanen ciwo ƙwarai, domin su ba da Komoros suke auna kansu ba. Sun ba da alƙalansu da dokokin aurensu ne don a auna su da sauran Faransawa.

Me Faransa ke samu, me ke gaba?

Masu cewa Mayotte asara ce ga baitulmalin Faransa sun manta da teku. Kowane tsibiri na ba mai shi ikon ruwan da ke kewaye da shi har mil 200, kuma irin waɗannan tsibirai ne suka sa Faransa ta zama ta biyu a duniya wajen faɗin yankin teku, bayan Amurka. Mashigin Mozambik hanyar manyan jiragen dakon kaya ce, ga arzikin iskar gas a arewacin Mozambik inda kamfanin TotalEnergies ke da babban aiki. Faransa na da sojoji a Dzaoudzi. Bayan an rufe mata sansanoni a Sahel, darajar wannan wuri a idonta ƙaruwa ta yi.

Ba na ganin Mayotte za ta koma Komoros a nan kusa. Babu wata jam'iyya mai ƙarfi a tsibirin da ke neman haka. Gwamnatin shugaban Komoros Azali Assoumani kuma, duk da tana maimaita iƙirarin a taron Majalisar Ɗinkin Duniya, tana dogaro da tallafin Faransa da kuɗin da 'yan Komoros mazauna Marseille da Paris ke aikowa gida. A 2019 ƙasashen biyu sun ƙulla yarjejeniyar Yuro miliyan 150 don ayyukan raya ƙasa a Komoros, bisa sharaɗin ta taimaka wajen hana tashin kwale-kwalen. Kwale-kwalen ba su daina tashi ba.

A 2025 majalisar Faransa ta zartar da dokar sake gina Mayotte. Ta yi alƙawarin daidaita albashi da tallafi da na sauran ƙasar nan da 2031, da soke takardar zaman da ke kulle baƙi a tsibirin a 2030. In an cika na farko, ma'aikacin Mamoudzou zai sami abin da aka yi wa iyayensa alƙawari tun 2011, sai dai tazarar da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa na Anjouan za ta ƙara faɗi, matuƙin kwasa-kwasa kuma zai ƙara samun fasinja. Wannan ɓangaren ba dokar Paris ce kaɗai za ta warware shi ba. Yana buƙatar asibitin da ke aiki a Mutsamudu, babban birnin Anjouan, da bizar da mace za ta iya samu ta je jana'izar mahaifiyarta ta dawo a jirgin fasinja da rana tsaka.